Tsarabar tangaran daga Ayislan don Kirsimeti: wanne ne aikin hannu na gaske?

Tambaya: "Ina aikin jinya a Ingila, farkon Disamba zan je Reykjavik, babban birnin Ayislan, na 'yan kwanaki. Ina so in sayo kayan ado na tangaran, aikin hannun 'yan ƙasar, in yi kyautar Kirsimeti ga abokan aikina da wata tsohuwa maƙwabciyata da ke riƙe min yara, ɗaya kuma in aika wa goggona a Jos. Na ga ana cewa da dutsen aman wuta ake yinsu. Da gaske ne? Ya zan gane na ainihi, kuma za su iso lafiya kuwa?"

Sannu 'yar uwa, Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ginin tangaran sana'ata ce, na kuma shiga shagunan garin nan da ɗakunan aikin wasu maginansu, to bari in gaya miki yadda abin yake, ba yadda 'yan talla ke faɗa ba.

Eh akwai na gaske masu kyau sosai, eh wasu magina suna sa tokar dutse mai aman wuta a aikinsu, amma da yawa daga abin da zaki gani an jera reras a manyan shagunan tsaraba na titin Laugavegur ba a ƙasar ma aka yi su ba. Kuma ko na gasken, abin da ya mai da shi na Ayislan hannun maginin ne da ruwan ƙyallin da ya haɗa da kansa ya shafa, yumɓun kam galibi a jirgin ruwa ya zo musu daga Turai. In kin riƙe wannan a ranki ba mai yi miki wayo da kalmar lava, wato dutsen aman wuta, da suke mannawa a jikin komai.

Dalilin shigo da yumɓun kuwa ƙasar ce da kanta. Tsibirin nan yaro ne a cikin ƙasashe, kusan duk dutsensa baƙin dutse ne da ya fito daga aman wuta, shi kuwa farin yumɓun tangaran yawanci daga ruɓewar dutsen giranit yake samuwa bayan shekaru aru-aru, su kuma ba su da shi da yawan da za a haƙa a yi sana'a. Wanda suke da shi, musamman na yankin Dalir can yamma wajen Budardalur, ƙarfe ya yi masa yawa, in an gasa sai ya fito ja mai duhu ko ruwan ƙasa, yana tsukewa sosai in yana bushewa har ya tsage, kuma tsakanin ya gasu da ya narke tazarar kaɗan ce ƙwarai, maginin da ya ɗan yi sakaci da wuta sai ya buɗe tanderu ya tarar kofunansa duk sun lanƙwashe sun zauna. Ga rashin itace, ɗan dajin da mutanen farko suka tarar sun cinye shi da gatari da kiwon tumaki tun da wuri. Shi ya sa tun zuwansu wajen shekarar 870 har cikin ƙarni na 20 ba su da al'adar ginin tukwane kwata-kwata, a akushin katako mai murfi da suke kira askur kowa ke cin abincinsa, tangaran kuwa sai na fatake daga waje. To duk wanda ya ce miki wannan kofin "irin na kakanninmu Vikin ne" ki yi murmushi kawai ki wuce.

Mutumin da ya fara sana'ar a ƙasar shi ne Gudmundur Einarsson, wanda aka fi sani da Gudmundur na Middal, ya yi karatu a Munich ta Jamus ya dawo ya buɗe ɗakin aikin tangaran mai suna Listvinahus a Reykjavik a 1927, kuma da yumɓun ƙasar ya yi aiki duk da wahalarsa. Tsuntsaye da dabbobi ya fi shahara da su, hankaka da shaho da wata tsuntsuwa dangin makwarwa da suke kira rjupa, har yau in kin shiga gidan tsofaffi zaki iya ganin ɗaya a kan kanta, kuma yanzu kuɗinsu ya wuce na tsaraba, masu tara kayan tarihi ke ribibinsu. Ya rasu a 1963. Sai kamfanin Glit da Ragnar Kjartansson da abokansa suka kafa a 1958, su ne suka yi suna da manna tsakuwar daskararren dutsen aman wuta a jikin tulu da faranti su gasa tare da ruwan ƙyalli ja ko shuɗi ko ruwan lemo, a shekarun 1970 baƙi da yawa da suka zo ƙasar da ɗaya suke komawa. Kinga kenan duk tarihin da ƙyar ya cika shekara ɗari. Ni wannan bai rage musu daraja a idona ba, hasali ma shi ya sa maginansu ba su da tsoron gwaji, ba wani kaka da zai ce ba haka ake yi ba.

Yanzu maganar dutsen aman wutar, don nan ne ake cin kuɗin mutane. Hanya uku ce kike gani a kasuwa kuma duk sunan ɗaya ake kiransu.

Ta farko ita ce ta gaske. Baƙin dutsen nan yana narkewa a zafin da muke gasa tangaran mai ƙarfi, wajen digiri 1200 zuwa 1280, to in aka tankaɗe tokar ko aka niƙa dutsen aka zuba a ruwan ƙyallin nan da mu a wurin aiki muke kira gilez, sai ta narke ta zama ɓangaren gilashin da ya rufe kwanon, ƙarfen cikinta ya ba da baƙi ko ruwan ƙasa ko wani kore-kore mai duhu, wani wurin da ɗigo-ɗigo wani wurin ya gangaro ya taru a gindi. Ba ta da wani ƙyalƙyalin ɗaukar ido, kyanta sai kin matso da shi kusa da fitila. Bayan aman dutsen Eyjafjallajokull na 2010, wanda ya tsayar da jiragen sama a Turai kusan mako guda, toka ta samu a banza, magina suka kwasa buhu-buhu, Bjarni Sigurdsson da ke garin Hafnarfjordur kusa da Reykjavik yana cikin waɗanda aka sani da sa ta a gilez ɗinsa. Ta biyu ita ce irin ta Glit, tsakuwar a manne a waje kina jinta a hannu gatsa-gatsa. Ta uku kuwa babu ko ƙwayar dutsen aman wuta a ciki, garin silikon kabaid ne, irin wanda ake dutsen wasa wuƙa da takardar goge katako da shi, in an sa kaɗan a gilez sai ya riƙa fitar da iska a cikin wuta, gilez ɗin ya tafasa ya kumbura ya daskare da ramuka-ramuka. Dabara ce ta kowa da kowa, ni ma ina yi, masana'antun Jamus ta Yamma ma sun cika duniya da tuluna masu irin wannan fuskar a shekarun 1960 da 1970. Ba laifi ba ne kuma yana da kyau, laifin a ce miki daga bakin dutsen aka ɗebo a ninka miki kuɗi. Tambaya ɗaya ke raba gardama: tokar wane dutse ce, wa ya ɗebo? Maginin gaske zai faɗa miki sunan dutsen har da shekarar, wani ma ya jawo miki bokitin ki gani.

In kuma yumɓun ƙasar kansa kike so ki riƙe a hannu, Leir 7 a garin Stykkisholmur nan ne wurin, Sigridur Erla Gudmundsdottir ce ta kafa shi tana aiki da yumɓun da ake haƙowa a wani wuri mai suna Fagridalur. Kayanta duhu ne, ba ado mai yawa. Sai dai tafiyar ta fi awa biyu a mota daga Reykjavik, a Disamba kuma hanya sai yadda iska da ƙanƙara suka ga dama, ga rana da ba ta wuce awa huɗu zuwa biyar a sama, da 'yan kwanakinki ban ba ki shawarar ki kama hanya don kofi ɗaya ba. Ki tambaya a shagunan cikin gari ko suna da kayanta.

To ya ake gane aikin hannu. Ki ɗaga ki juya ki dubi ƙasansa, kullum daga nan nake farawa kafin ma in kalli fuskar. Zoben da yake zama a kai ba a shafa masa gilez, don in an shafa zai manne da allon tanderu, to a nan kike ganin ainihin yumɓun tsirara. Ki nemi sa hannun maginin, ko an karce da tsinke tun yumɓun na ɗanye ko ɗan hatimi da aka danna ya shiga ciki ko rubutu da buroshi. Sitika ta takarda ko tambarin da aka buga da inji sumul ba shaida ba ce. In a kan faifan juyi aka gina shi, ki sa yatsa a ciki ki zagaya zaki ji layi-layin yatsun maginin suna hawa, a ƙasan ma sau da yawa akwai ɗan zagayen da wuƙar gyara ta bari. Sannan ki ɗauki biyu iri ɗaya ki jera su baki da baki, na hannu dole ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi ko kauri, gilez ɗin ma ba zai tsaya a wuri ɗaya ba. In kin ga guda hamsin a kanta kamar an haife su rana ɗaya, zanen kowanne a daidai wuri ɗaya, ki matso da ido zaki ga zanen ɗigo-ɗigo ne ƙanana irin na firinta, takardar hoto ce aka manna aka gasa. Ki kula da rubutun kwali kuma, "an tsara a Ayislan" daban, "an yi a Ayislan" daban. Na taɓa tambayar wata yarinya mai tsaron irin shagon nan ina aka yi wasu ƙananan gidaje farare da ta jera, ta ce zanen dai na nan ne, na ce ginin fa, sai ta yi dariya ta ce bari ta duba kwalin a sito. Ba ta dawo da amsa ba, ni ma ban jira ba.

Amma kar ki raina na zubi. Yawancin ƙananan kayan ratayawa a bishiyar Kirsimeti, ƙararrawa da ƙwallo da tsuntsaye, ba a faifai ake yinsu ba, ruwan yumɓu ake zubawa a mazubin filasta ya sha ruwan ya bar ɓawo siriri, a juye sauran, a ɓare mazubin, a kankare layin haɗin da hannu, a huda, a shanya. Masu faɗi kamar tauraro kuma murza yumɓu ake yi a yanka. In mutum ɗaya ne ya sassaƙa mazubinsa ya zuba ya goge ya zana a ɗakin aikinsa, aikin hannu ne cikakke. Abin dubawa shi ne tsaftar aikin, layin haɗi ya ɓace, ramin zare ba kaifi, gefe ba ya yankar yatsa.

Sai ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, amma ki nemi izini tukuna. Wanda ya gasu sosai ƙara yake yi tas mai tsawo, wanda ya yi "ɗuf" ko dai da tsaga a ɓoye ko gashin ƙaramar wuta ne. Na ƙaramar wuta, wajen digiri 1000 zuwa 1100, jikinsa na shan ruwa yana tsatsafowa kamar randa, a randa alheri ne don shi ke sanyaya ruwa, a tulun fure kuwa zobe zai bar wa tsohuwar nan a kan teburinta. Akwai kuma wanda ake kira raku, mai baƙin hayaƙi da tsage-tsage a fuska ko ƙyallin jan ƙarfe, ana ciro shi daga wuta yana ja a jefa a cikin dusar katako, kyakkyawa ne amma ba ya riƙe ruwa, ba a ci ba a sha a ciki, kuma shi ya fi komai saurin karyewa a jaka. In tafiya biyu abin zai yi, Ingila sannan Jos, ki bar raku a inda kika gan shi.

Farashi zai ba ki tsoro, ki shirya. Ƙasa ce mai mutane kusan 400,000 kacal, albashi da haya da komai tsada, kuma kofi ɗaya sai an gina, ya sha iska, a gyara gindi, a sa hannu, ya bushe sati ɗaya ko biyu, a yi gashin farko wajen digiri 950 zuwa 1000, a shafa gilez, a yi gashi na biyu, a jira tanderu ya huce kwana guda ko fiye, in da ruwan zinari a baki a sake gashi na uku. A hanya yumɓun ya tsuke da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wasu sun fashe. Araha ba ta ado, in kin ga arha a garin nan ki san daga nesa kayan suka zo. Wannan lissafin kwanakin ne kuma ya sa kar ki sa rai wani zai yi miki na musamman da sunan goggo a jiki a farkon Disamba, lokacin tanderunsu a cike yake, abin da ke kanta shi zaki ɗauka.

Wuraren zuwa ba su da nisa da juna, da ƙafa zaki gama su. Titin Skolavordustigur, wanda ya miƙe ya hau zuwa babbar cocin Hallgrimskirkja, a nan Kaolin yake, shago ne na magina da suka haɗa kai suna karɓa-karɓar tsaro, ma'ana wadda zata karɓi kuɗinki wataƙila ita ta gina abin da ke hannunki, ki yi ta tambaya ba ta gajiya. Rammagerdin ma na kan titin, tun 1940 suke, suna rubuta sunan mai aikin a gefen kaya. Sai Vesturgata can ƙasa kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, Kogga a lamba 5, wato ɗakin aikin Kolbrun Bjorgolfsdottir wadda ta daɗe a sana'ar, tsallaken titi kuma Kirsuberjatred a lamba 4, shagon mata masu aikin hannu tun 1993. In kwanakinki sun haɗa da Asabar ko Lahadi ki hau bas lamba 1 zuwa Hafnarfjordur, suna kafa ƙauyen Kirsimeti da 'yan rumfuna a tsakiyar gari duk ƙarshen mako kafin bikin, amma a can ma ki juya ki duba, ba duk mai rumfa ne magini ba. Kasuwar gwanjo ta Kolaportid kuwa, ita ma ƙarshen mako take ci, nan ake tsintar tsofaffin Glit. In kin samu ki saya don ado kawai, tsofaffin gilez masu ja da ruwan lemo na wancan zamanin a ko'ina a duniya ana iya samun dalma a cikinsu, kar a zuba abinci.

Me za a ba wa kuma, nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Tsuntsun nan mai baki kala-kala, fafin, da ya cika kowane shago, tsuntsun bazara ne, yana zuwa wajen Afrilu ko Mayu ya tafi a Agusta, a Disamba yana can tsakiyar teku, ba ruwansa da Kirsimetinsu, kuma shi ne aka fi kwaikwaya a masana'antun waje. Tsuntsayen hunturunsu hankaka ne baƙi ƙirin da ba ya ƙaura, da rjupa da ke rikiɗa ta koma fara fat in ƙanƙara ta sauka, wadda gidaje da yawa ita ce naman daren Kirsimeti. Farar rjupa 'yar ƙarama ta tangaran ta fi fafin goma ma'ana.

Abokan aiki, ki saya musu na ratayawa masu faɗi marasa nauyi. Akwai masu zanen laufabraud, wani burodi ne siriri sosai da iyali ke taruwa kafin Kirsimeti suna yanka masa ado da wuƙa kafin a soya, asalinsa daga arewacin ƙasar, zanen ya dace da farin tangaran ƙwarai. Ki auna a tafin hannu, in kin ji nauyinsa reshen bishiya ma zai ji ya sunkuya. Sannan akwai samarin Kirsimeti su 13, jolasveinar, su ne madadin Baba Kirsimeti a wurinsu. 'Ya'yan wata dodanniya ce Gryla da malalacin mijinta Leppaludi, suna saukowa daga dutse ɗaya bayan ɗaya, na farko ya iso 12 ga Disamba na ƙarshe 24, yara na ajiye takalmi a taga, mai ji ya samu alewa marar ji ya samu dankali. Kowanne da halinsa na ɓarna, mai lasar cokali, mai kankare tukunya, mai lasar akushi, mai buga ƙofa cikin dare, mai leƙen taga, mai satar kyandir. A wurin aiki wannan abin dariya ne mai daɗi, kowa ki ba shi wanda ya yi kama da halinsa, mai cinye biskit ɗin ɗakin hutu kin san nasa. Sai dai ki raba da wuri, kina dawowa, don abin ratayawa in an ba mutum ranar 25 sai baɗi zai more shi.

Tsohuwar maƙwabciyarki kuwa mazaunin kyandir zan ce. A ƙasar da rana ke fitowa bayan ƙarfe 11 ta faɗi kafin 4, haske a taga ba wasa ba ne, kuma a nan maginansu suka fi ƙwarewa a ganina. Ki nemi na farin tangaran siriri, ki kunna tocin wayarki ki sa a ciki ki rufe bakin da tafin hannu, in na kirki ne jikin gaba ɗaya zai ɗauki haske ruwan zuma, inda aka karce zane ya fi haske, inda yatsa ya bar kauri ya yi duhu, har zaki ga inda maginin ya tsaya ya ɗaga hannu. Wanda haske bai ratsa ba ko kaɗan, to ramuka kawai zai dogara da su. In mai siffar gida ne ko coci ki tabbatar da akwai mafitar zafi a sama kuma ƙofar ta isa hannu ya shiga ba tare da ƙuna ba, ki haɗa mata da 'yan kyandir masu batir, tsohuwa ce kuma yaranki na shiga gidan.

Goggo fa, don Allah kar ki aika mata Gryla. A wurinsu tatsuniya ce ta dariya yanzu, ko da yake a da abin ya kai har hukuma ta hana tsorata yara da ita a 1746, amma ki duba, tsohuwa mai ƙaho ko ƙaton hanci da buhun yara a baya da tukunyar dafa su, ko baƙar kyanwar Kirsimeti da aka ce tana cinye wanda bai samu sabon kaya ba, wadda zaki ga ƙatuwarta da fitilu a dandalin Laekjartorg, ki ɗora wannan a falon goggo a Jos, matan zumunta su shigo gaisuwa, sai kin yi wata guda kina bayani a waya cewa ba kayan tsafi ba ne. Ki nema mata mala'ika ko tauraro ko ƙararrawa ko 'yar coci fara, ko kwano mai gilez ɗin toka da zata zuba cincin a ciki in maginin ya tabbatar miki na abinci ne. Kuma ki zaɓi mai santsi. Mai tsakuwa da mai ramuka ƙurar hunturu zata shige kowane rami cikin sati ɗaya, tsumma ba ya fitar da ita sai buroshi da ruwa, ga shi yana kartar gilashin tebur in ba a manna masa ɗan ƙyalle a ƙasa ba. In mai zinari a baki ne ki gaya mata kar a sa a maikirowef kar a dirje da soson ƙarfe.

Ɗaurin kaya yanzu. Shagunan kirki suna naɗewa da kyau in kin ce jirgi zaki hau, amma ki tsaya a kansu. Kowanne shi kaɗai, takarda mai laushi tukuna sannan ledar nan mai kumfa, duk mai rami a cusa masa takarda ya cika, hannun kofi da fiffike da wutsiya da duk abin da ya fito waje a naɗe shi daban kafin a naɗe jikin. Tangaran biyu kar su taɓa juna ko ta ina, yawancin fashewa daga nan take, ba daga faɗuwa ba. Masu faɗi ki sa kwali tsakaninsu ki tsayar da su a gefe, kar ki kwantar ki ɗora nauyi. In kin rufe akwatin ki girgiza kusa da kunne, in kin ji motsi ki buɗe ki ƙara cusa. Sannan jakar hannu, ba ta ƙasan jirgi ba, ki naɗe kwalin a cikin rigar sanyinki ki sa a ƙarƙashin kujerar gabanki, don ma'ajiyar sama wani zai zo ya danna trolinsa a kai. Ki duba girman jakar da tikitinki ya ba ki tun kafin ki yi sayayya, jiragen arha ba sa wasa da wannan. In kun iso gida kayan sun sha sanyi, ki bar su su ɗauki ɗumin ɗaki kafin a zuba ruwan zafi ko a kunna kyandir.

Na Jos kar ki sa a gidan waya, lokacin ya ƙure kuma hannu da yawa zai bi. Mutanen da ke tafiya gida hutun Disamba ba sa ƙarewa, ki ba wanda kika yarda da shi, kwali cikin kwali da tazarar yatsu uku cike da takarda ta kowane gefe, ki roƙe shi ya riƙe a hannu har mota daga Abuja, ki kuma ɗau hoton abin kafin ki rufe. Kar ki naɗe da takardar kyauta ki liƙe, za a iya cewa a buɗe a filin jirgi, a sa takardar a gefe a naɗe a can.

Ki karɓi katin maginin a kowane shago ki sa a cikin kwalin, ki ɗan rubuta sunan dutsen da tokar ta fito in akwai, mutane suna son wannan fiye da yadda kike zato. Harajin kaya a ƙasar kashi 24 ne cikin ɗari kuma baƙo na iya karɓar wani ɓangare in sayayyar rasit ɗaya ta kai adadin da suka ƙayyade, to gara ki tara sayayyarki a shago ɗaya ko biyu, ki ce su ba ki fom ɗin tun a kanta, ki cike, ki miƙa a filin jirgin Keflavik kafin ki ba da jakunkunanki don suna iya cewa su ga kayan. Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, ke ma Ingila zaki shiga, kayan da matafiyi zai shigo da su ba haraji iyakarsu fam 390 ne, ki riƙe rasit ɗinki a jaka. Kati suke karɓa ko'ina har 'yan rumfunan kasuwa, ba sai kin canji kurona, kuɗin ƙasar, da yawa ba.